Amsar tambayar da aka yi mini kan mu Hausawan Kumasi

Malam, na ga tambayarka, amma sai da na bari ta kwana biyu kafin in amsa, don ranar da na fara karanta ta raina ya ɗan sosu. Ka ce kana so ka sani ko mu mazauna Gana muna jin Hausa ta sosai, ko muna riƙe da addini yadda ake yi a gida, da kuma ko gaskiya ne muna auratayya da arna. Wannan kalma ta ƙarshe, in Allah ya kawo ka nan, ka baro ta a tasha. Maƙwabtanmu Kiristoci ne masu zuwa coci, kuma da yawansu Hausa ta zauna a bakinsu, za su ji ka sarai.

A Aboabo aka haife ni, cikin Kumasi, a nan kuma aka haifi Baba. Kakansa ne ya baro ƙasar Kano tare da fataken Gwanja masu safarar goro, ya yi zamansa a Salaga har yaƙin basasar 1892 ya watsa garin. Daga nan gidanmu ya gangara Kete Karaci, garin da Alhaji Umaru ya zauna yana karantarwa har rasuwarsa a 1934, daga baya kakana ya sauko Kumasi. Ka lissafa da kanka. Fiye da shekara ɗari da talatin ke nan, amma har gobe in rigimar siyasa ta tashi sai ka ji wani ya ce 'yan zango baƙi ne.

Maganar addini ba zan ja ta ba, don ban ga abin bayani a ciki ba. Ana kiran sallah, ana zuwa makarantar allo, ana tafsiri da azumi, ana wazifa. Tun zamanin Rawlings ranakun Sallah biyu suka zama hutun ƙasa. Babban Limamin ƙasa, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, da Hausa yake wa'azi, kuma shugabannin ƙasa har gida suke zuwa gaishe shi. Abin da muke sha da safe koko ne da ƙosai, sai dai a nan duk ƙasar ce ke sha, har sunansa ma kokon Hausa. Shinkafa da waken da ake dafawa da karan dafi, wadda 'yan Gana suke tinƙaho da ita, ka saurari sunan da suke kiran ta da kyau, wato waakye, wakenmu ne ba wani ba.

Aure kuwa, a nan ne kuke yawan yi mana gurguwar fahimta. Zango ba ƙabila ba ce. A layinmu kaɗai akwai Dagomba da Mosi da Wangarawa da Zabarmawa da Kotokoli, duk Musulmi, duk da Hausa muke magana, kuma mun daɗe da cakuɗuwa. Kakata ta wajen uba Badagombiya ce. Ba mu ba wanda ba ya sallah 'ya, wannan ba a ma tattauna shi. Amma namiji ya auro Batoniya, wato 'yar Ashanti, wannan yana faruwa, kuma ya faru a gidanmu. Ƙanena ya auri ɗaya. Mahaifiyarmu ta yi wata uku ba ta amsa gaisuwarta sai da ka. Yau ita ce ke yanke wa tsohuwar farce, ita ce kuma ke tashin mu sahur. Inda gizo ke saƙar shi ne gado, don su Tonawa ta wajen uwa suke lissafin dangi, ɗan 'yar'uwa ne ke gadon kawunsa. Saboda haka 'ya'yan ƙanena sun ci riba biyu: mu muna cewa namu ne ta uba, can kuma ana cewa nasu ne ta uwa. Akwai dokar gado ta 1985 da ta ba mata da 'ya'ya kaso, akwai kuma rabon malamai, kuma na ga gidajen da aka yi shekaru ana jan zare tsakanin ukun nan. Ban ce babu matsala ba. Na dai ce ba irin wadda kuke zato ba ce.

To, bari in ba ka labarin zuwanmu Kano, wataƙila ya fi dogon bayani amfani.

A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasa. Baba ya tsaya, ya ce shi bai san wani gari ba. Ƙanensa kuwa tsoro ya kama shi, ya sayar da keken ɗinkinsa a wulaƙance ya hau babbar mota, ya tafi Kanon da bai taɓa gani ba. Tun daga nan sai wasiƙa, sai kaset, daga baya waya. Shekara biyu kafin korona aka aiko mana za a aurar da jikar Baffa, Baba ya ce ko a kan gadon asibiti ne sai an kai shi. Kuɗin jirgi na mutum biyar ya fi ƙarfinmu, muka bi mota: Ankara, Aflawo, Lome, Kwatano, Seme, Legas, sannan a miƙe arewa. Maiɗakina ta cika jakunkunan nan da kuke kira gana-mas-go da atamfa da garin rogo da yaji, ni kuma aka ɗora mini huhun goro. Sunan jakar daga korar da aka yi wa 'yan Gana a Najeriya a 1983 ya samo asali, ka ga kowa ya taɓa korar kowa.

Baba mutum ne da ba ya sallah a zaune cikin mota, ko me za ka karanto masa. Butarsa da dardumarsa suna kan cinyarsa tun daga Kumasi. Da muka isa iyakar Togo da Binin aka sauke mu a tsallaka da ƙafa, direba ya ce ƙarfe uku daidai zai tashi. Baba ya duba agogonsa ya ga biyu saura kwata, ya ce ashe akwai lokaci. Ya zaga bayan wata rumfa ya yi alwala, ya haɗa azahar da la'asar, ya zauna ya ja carbi. Abin da ba wanda ya gaya mana shi ne agogon Binin yana gaban na Gana da Togo da awa guda. Ni ina can ina neman katin rigakafin shawara na ƙaramar 'yata, wanda uwarta ta adana shi cikin gafakar Alƙur'ani don kada ya ɓata, ta kuma manta. Kafin in gano shi in dawo, mota ta ɗaga da matan, maiɗakina tana dukan gilashi tana ihu da Tonanci, direba kuma Faransanci da Yarabanci kawai yake ji.

Na iske Baba bai ko motsa ba. Na ce, "Baba, mota ta tafi." Ya ɗaga mini hannu alamar in jira, sai da ya kai ƙarshen carbinsa ya shafa. 'Yan acaɓa suka ƙi karɓar sidi, sai sefa. Wani mai canji ɗan Maraɗi ne ya ji muna cacar baki, ya matso ya ce, "Baba, daga Gana kuke ko?" Baba ya ce yaya aka yi ya sani. Ya yi dariya ya ce ai bakinku ba ya ɓuya. Ya canza mana, ya ƙi karɓar ladansa, Baba ya damƙa masa goro biyar farare. Haka tsoho mai shekara kusan tamanin ya hau bayan babur, babbar riga tana kaɗawa, buta a hannu, muka cim ma motar a wani shingen bincike. Da ya hau bai ce wa direba uffan ba, sai ya tambaye ni ko na kawo dardumar. Ban kawo ba. Har muka isa Legas bai yi mini magana ba.

Wannan "bakinku ba ya ɓuya" shi ya bi mu har Kano. Mu a nan ba mu cika bambanta mace da namiji a magana ba, kuma ƙ da k duk ɗaya ne a wajen yaranmu. Ranar kamu maiɗakina ta ce amarya ya yi kyau, 'yan mata suka fashe da dariya har da riƙe ciki, wata ta ce a sake faɗa ta ɗauka a waya. Ta dawo masauki ta yi kuka, ta ce ita da ta sauke Alƙur'ani tana da shekara goma sha uku yau ita ake mayarwa abin wasa. Wannan rubutun ma da kake karantawa, rediyo da littattafai ne suka gyara mini shi. Da baki muka haɗu da tuni ka gane ni. 'Ya'yana kuwa in na yi musu Hausa rabin amsar da Tonanci take zuwa, wannan kam yana damuna, ba zan ɓoye maka ba.

Baffa ya zama Bakano sak, har da "lamba wan" ɗin 'yan kasuwa da hular zanna. Da suka haɗu da Baba a zaure ba su rungumi juna ba, hannu kawai suka riƙe suka ƙi saki. Da dare bayan an watse na fito shan iska, sai na ji murya ƙasa-ƙasa daga zauren. Tsofaffin nan biyu ne suke hira da Tonanci don kada yaran gida su ji. Baffa yana tambayar ko bishiyar mangwaron bayan masallacinmu tana nan, Baba yana ce masa an sare ta tun tuni an yi shaguna. Da za mu taho ya ja ni gefe, ya ce in wani zai zo a aiko masa da dokunu, tuwon masarar nan mai tsami na Gana, da busasshen kifi, kada dai in faɗa wa matarsa.