Rashin Tambari a Gindin Tangaran Mai Adon Soso

Ka tambaya ko rashin tambarin masana'anta a gindin kwanon tangaran ɗinka mai adon soso na nuna jabu ne. A'a, domin yawancin irin waɗannan kwanuka da aka ƙera a Staffordshire ta Ingila a ƙarni na 19 kayan talakawa ne masu araha, kuma ba a cika sa musu tambari ba.

Abin da nake dubawa shi ne adon kansa. Da hannu ake dangwala yankakken soso a launi a buga shi a jikin kwanon, shi ya sa za ka ga fure ɗaya ya yi kauri, na kusa da shi ya dusashe, kuma wannan rashin daidaiton ne yake jan hankalin masu tara su.