Zancen kai furanni kabarin Baba Soja

Ɗana na ga saƙonka tun jiya, wai tunda 15 ga Janairu ta matso, ranar tunawa da mazan jiya, ko za mu kai furanni kabarin Baba Soja kamar yadda kake gani manya na ajiyewa a Abuja ana busa bigila ana sakin tantabaru. Allah ya yi maka albarka da ka tuna da kakanka, amma furen nan dai bar wa gwamnati kayanta. Ita ranar ma da can 11 ga Nuwamba ake yinta irin na Ingila, daga baya aka dawo da ita 15 ga Janairu saboda ranar ce yaƙin basasa ya ƙare a 1970, shi kuwa Baba yaƙinsa na ƙasar Bama ne, wato Burma, tun zamanin Hitila.

Mu abin da muka tashi muka tarar, mamaci addu'a yake so. Ka je maƙabarta ka yi sallama ka roƙa masa gafara, ka yi sadaka da niyyar ladan ya isa gare shi, shi ke nan. Da ya rasu mun yi sadakar uku da bakwai da arba'in, baffanka ma ƙin zama ya yi wai bidi'a ce, har yau malamai ba su gama wannan gardamar ba ni kuma ba shiga zan yi ba, amma addu'a da sadaka kam ban taɓa jin wanda ya musa ba.

Kai da tsufansa ka san shi, kana ɗan mitsitsi kana ja masa gemu. A 1943 aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa Indiya, runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma, daga nan suka nausa dajin Kaladan a ƙasar Bama suna fama da Japanawa, ba hanyar mota, kaya a ka ake ɗauka, abinci sai jirgin sama ya jefo da laima, ga ruwan sama ga matsattsaku, tabonsu na nan a ƙwaurinsa har ya koma ga Allah. Sai 1946 ya dawo gida. Barikokin nan da kake ji a Legas, Arakan da Myohaung, duk sunayen wuraren da suka yi gumurzu ne a can.

To amma labarin harbi ba ya sonsa, in ka matsa masa sai ya ce je ki ɗebo min ruwan alwala. Abin da ke cin ransa abokansa ne da aka binne a daji, wasu ba wanka ba likkafani sai bargo. Duk Juma'a in ya idar da asuba yana kan buzunsa zai jero sunayensu ɗaya bayan ɗaya, su bakwai, har da wani Kirista a ciki, sannan ya miƙo min kwabo ya ce in ba duk mabuƙacin da na fara gani. Tunda na yi wayo ban ga ya tsallake ko sau ɗaya ba, kuma tunda ya rasu wallahi babu wanda ya ɗora a cikinmu, har ni, abin na damuna.

Lambobinsa da takardar sallamarsa suna cikin adakata, ka zo ka ɗauki hotonsu ka tura wa 'yan'uwanka. Ka taho da biro, sunaye biyar na riƙe, biyun sun kwanta min, sai mu je wajen baffan naka ko shi bai manta ba.