Asusun 529 bayan ƙaura daga New York

Ɗan'uwa, ka ce ka buɗe wa 'yarka asusun 529, wato asusun ajiyar kuɗin karatu na Amurka, a jihar New York, yanzu aiki ya kai ka California, kana tambaya ko haraji zai hau kanka in ka cire kuɗin.

In kuɗin jami'a za ka biya, ko littattafai da masauki, hankalinka ya kwanta: gwamnatin tarayya ba ta karɓar komai a kan ribar da asusun ya samu, California ma haka. Asusun kuwa bar shi inda yake, ƙaura ba ta tilasta maka taɓa shi.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne mayar da asusun wata jiha. New York ta rage maka haraji a kan abin da ka zuba, har zubin dala 5,000 a shekara, ko 10,000 ga ma'aurata. Ka ɗauke shi, tana iya cewa a dawo mata da rangwamenta. California ba ta ba da irin wannan rangwamen, to me ka ci?

Kuɗin firamare da sakandare ma a yi hattara. Tarayya ta yarda a cire ba haraji, California ba ta yarda ba, har tarar kashi 2.5 take ɗorawa a kan ribar.

Ajiye rasit ɗin makaranta da takardar 1099-Q, wato takardar haraji mai nuna kuɗin da aka cire daga asusun. Kafin ka motsa ko sisi, zauna da akantan da ya san dokar jihohin biyu, musamman saboda shekarar da ka yi ƙaurar.