Hajiya, ƙirga ledar da kyanwa ta ɓata kafin ki taɓa kuɗin adashe

Wata baiwar Allah daga Garwa ta ƙasar Kamaru ta rubuto cewa tana renon dashen tumatir da attaruhu cikin ƙananan ledoji a zauren gidanta, tana sayar wa masu lambu na bakin Binuwai, kowace leda sefa 100. Kyanwoyinta biyu suna tone ƙasar, suna kwanciya a kan tsiron. Ta ɗora wa ɗan ƙaninta rufe ƙofa, shi kuma yana mantawa. Yanzu tana so ta kwashi adashe ta ƙara ledar daga 200 zuwa 1,000, wai ko kyanwa ta ɓata wasu, saura za su rage.

Hajiya, ajiye maganar adashen nan tukuna. Duk tsawon wasiƙarki ba ki faɗi leda nawa ke lalacewa ba, sai dai "wasu". Wasu ba lissafi ba ne. In 60 ne cikin 200, sefa 6,000 ke nan a kowane zubin shuka, ban da iri da taki da ruwan da aka saya. Dashen tumatir yana kai wa dasawa cikin mako 3 zuwa 4, attaruhu 5 zuwa 6, don haka daga ƙarshen damina zuwa hunturu za ki yi zubi da dama. Ninka ki gani. Da kina rubutawa, da tuni kin gane ragar wayar da za ta kare dashen ta fi wannan asarar arha, ba ki jingina jarinki da tunanin yaro mai zumuɗin fita ƙwallo ba. Masu reno da yawa sun faɗaɗa da bashi a haka, ranar zubin adashe ta zo, dashen yana kwance a karye.

Kyanwa ba mugunta take yi ba. Ƙasa mai laushi take nema ta yi kashi ta binne, kin kuwa jera mata 200. Ɗora ledojin kan tebur ba ya hanawa, tsalle ɗaya ne. Ki sa kafinta ya haɗa akwatin katako, tsayi kamar santimita 40, a buga masa ragar wayar kejin kaji gefe da sama, da murfi mai sakata. Ramin ragar kada ya wuce santimita 2, in ba haka ba hannunta zai shiga. Tsohon gidan sauro yana tare ƙwari, amma in ta hau sai ya lotsa ya danne tsiron. Sai ki aje mata daron yashi nesa da zauren, a kwashe kashin kullum, kuma mai juna biyu kada ta taɓa shi, yana ɗauke da cutar da ke illa ga ciki.

Ɓawon lemu da ake ta yabo wajen korar kyanwa, kwana biyu ƙamshinsa ya gudu. Kafur kuwa guba ne gare ta da yara. Kada kuma ki kori kyanwoyin daga gidan, ɓera zai tone irin tun bai tsiro ba.

Sayi littafi, ki ja layi huɗu: ranar shuka, ledar da aka shuka, wadda ta mutu da dalili, wadda aka sayar. Yi zubi biyu cikin akwatin da 200 ɗin nan. In asarar ta sauka ƙasa da 20, kuma masu lambu sun ba da kafin alƙalami, ƙara zuwa 400 daga ribarki.