In sayi na'urar alaimen yanzu, ko in bar yaron ya tafi kwaleji?

Wani mai sayar da tayoyin mota a Kano ya aiko da wannan tambaya a kan alaimen, wato saita tayoyin mota su tsaya daidai: "Assalamu alaikum. Shekarata 11 ina sayar da taya. Duk wanda na sayar wa sai ya tambaye ni inda zai yi alaimen, in tura shi wurin wani. Na tara kusan naira miliyan 7. Babban ɗana ya gama aji uku na ƙaramar sakandare, ya nace kwalejin fasaha yake so, ya koyi aikin sitiyari da ƙafar mota. Ni kuma ina ganin shekara uku ta yi nisa. Ba gara in sayi na'urar yanzu, in ɗauki ma'aikaci, yaron ya koya a hannunsa ba?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi, ya yi wa yaron nan albarka.

Kasuwar da ka hango tana nan. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta faɗi, direban da a da ba ya ko duban tayarsa yanzu har durƙusawa yake yana shafa ta da hannu, ya ga ta wane gefe take cinyewa. Ga ramuka, ga tudun rage gudu a kowace unguwa, ga lodin da ya fi ƙarfin mota. Aikin ƙafa ba zai yanke a garin nan ba. Duk da haka shawarata ita ce ka bar yaron ya tafi kwaleji, ka jinkirta sayen na'ura.

Bari in ba ka labarin abin da na gani da idona. Na taɓa raka wani abokina direban haya wani wurin alaimen mai sabuwar na'ura, kwamfuta da kyamarori, komai fes. Yaron wurin ya ɗaura faifai a kan wili huɗu, ya shiga rami ya yi ta murɗa tayarod, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, har lambobin da ke allo suka koma kore. Aka biya, muka tafi. Ba a rufa wata guda ba, gefen ciki na tayar gaba ya fara suɗewa. Muka je wurin wani dattijon bakanike a ƙarƙashin darbejiya. Bai ce komai ba, ya sa jak ya ɗaga motar, ya kama tayar dama da hagu ya girgiza. Sai ga ƙara, ƙwas-ƙwas. Kan tayarod ya mutu, bushin ɗin hannun ƙasa ya tsage. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, ta auna motar a tsaye. Da motar ta hau titi ta faɗa rami ɗaya, duk saitin ya wargaje, domin an yi shi ne a kan ƙafar da ke rawa. Abokina ya yi asarar taya biyu, kuma bai sake komawa wurin ba, sai dai ya riƙa hana mutane zuwa.

Wannan ne abin da nake ji maka tsoro. Kai sunanka a kan taya yake. Ranar da aka yi wa mutum aiki irin wannan a shagonka, ba zai ce alaimen ne ya lalace ba. Cewa zai yi Alhaji ya sayar masa da taya marar kyau.

Alaimen kusurwoyi uku ne ake aunawa. Akwai yadda bakin tayoyi ke kallon juna ko suke bauɗewa, akwai yadda taya ke jingina ciki ko waje idan ka tsaya a gaban mota, wanda kanikawa ke kira kamba, sai kasta, wadda ita ce ke dawo da sitiyari daidai bayan an sha kwana. Ana lissafinsu ne da digiri da ɓangaren digiri. Idan bakin taya ya kauce da rabin digiri kacal, abin da ido ba zai gani ba, a kowace kilomita kamar ana jan ta a kaikaice ne na kusan mita 9. Daga Kano zuwa Kaduna, tafiyar kimanin kilomita 230, an goge ta a kwalta ke nan na kusan kilomita 2. Yaron da ya zauna a aji ya fahimci wannan lissafi, in ya ga kamba ta kauce a gefe guda zai tsaya ya tambayi kansa me ya lanƙwashe, shokozoba ce ko hannun ƙasa, ko kuwa motar ta taɓa yin haɗari. Zai fara duba iskar taya da boljoyin, wato mahaɗin hannun ƙasa da taya, kafin ya kunna kwamfuta. Zai bambance motar da ke janyewa gefe da wadda sitiyarinta ke kakkarwa in ta kai gudun kilomita 80 zuwa 100, wanda galibi matsalar balansin ce, wato rashin daidaiton nauyin taya. Ga kuma motocin yanzu: da yawansu sitiyarin lantarki gare su, babu famfo babu mai, kuma bayan alaimen wasu sai an jona kwamfuta an sake saita abin da ke auna juyin sitiyari. Wanda bai iya karanta littafin mota da zanen waya ba, a nan yake tsayawa.

Amma kada ka ɗauka kwaleji kaɗai za ta fitar da shi gwani. Kwas ɗin da zai shiga na kanikancin mota ne gaba ɗaya, inji da birki da giya da lantarki, aikin sitiyari da ƙafa ɓangare ne a ciki. Bayan shekara uku zai zauna jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci ta ƙasa, in ya ci ya sami takardar da za ta iya kai shi kwalejin kimiyya da fasaha ya yi difloma in yana so. A jihar Kano akwai kwalejojin fasaha na gwamnati, har da na Wudil da Bagauda, a Kaduna kuma kamfanin haɗa motoci na PAN da ke Kakuri yana da cibiyar horar da kanikawa, wadda zai iya nema daga baya don ƙarin gogewa. Kafin ka biya ko sisi, ka taka da ƙafarka ka je makarantar a ranar aiki. Kar ka tsaya a ofis. Ka ce a kai ka ɗakin koyon aiki, ka ga ko akwai mota a kan rami, ko hannun ɗalibai da baƙin mai, ko kuwa kayan na lulluɓe da ƙura. Makarantu sun bambanta ƙwarai a nan. Sannan duk hutu da duk Asabar, ka damƙa shi ga bakaniken ƙafa da ka yarda da amanarsa, irin dattijon can. A wurinsa zai koyi jin ƙara da kunne, da kwance notin da ya yi tsatsa, da yadda ake magana da direban da ya shigo a fusace. A makaranta kuma za a koya masa dalili, da kiyaye rai: sifirin ɗin mota in ya kuɓuce wa mai matse shi yana iya karya mutum, boljoyin kuma in ya tsinke a kan babbar hanya rayukan mutane ne a ciki.

Yanzu kuɗin. Miliyan 7 ɗin nan kana kallonta a kan na'ura ɗaya, alhali na'urar tana zuwa da 'yan rakiya. Tana son daɓe mai daidaito sosai, da rami ko injin ɗaga mota, da wuta tsayayya, wato janareta ko sola, da kwamfuresa, da na'urar balansin, da fili da mota za ta shiga ta juya. Lokaci lokaci sai an kira mai daidaita ta, bayanan motocin da ke cikinta ma suna tsufa. Ta gwanjo kuwa, in babu wanda ya san ta a gefenka, kana iya sayen wahala da kuɗinka.

Mu yi lissafi na misali, kai ka sauya lambobin da na unguwarku. A ce ana karɓar naira 6,000 a kan kowace mota, ma'aikaci da wuta da haya su cinye rabi, ya rage 3,000. Kafin miliyan 7 ta dawo sai ka yi mota sama da 2,300. In kana samun biyar a rana, kwana 26 a wata, shekara ɗaya da rabi ke nan. In biyu ce a rana, ka doshi shekara huɗu. To mota nawa kake turawa waje a rana? Ka ce "duk wanda na sayar wa", amma na tabbata ba ka taɓa ƙirgawa ba. Kuma ribar gaske a wannan sana'a tana cikin canjin bushin da boljoyin da shokozoba da gyaran sitiyari, kuɗin aiki da ribar kaya. Alaimen shi ne ke jawo motar ta shigo. Wanda bai iya aikin ƙafa ba, wani yake tara wa ciniki.

Maganar ɗaukar ma'aikaci ita ta fi damuna. Kai ba ka san aikin ba, yaro ɗan shekara 15 bai sani ba, to wa zai gane in an yi daidai? Gwani ba ya zama a kan ɗan albashi, ranar da ya tara nasa zai tafi da direbobin da suka saba da shi, ya bar maka na'ura da haya. Wanda zai zauna kuma, wataƙila bai da inda za shi ne, kuma kurakuransa ɗanka zai gada.

Ga abin da zan yi in ni ne kai. Kuɗin nan kar su kwanta, hauhawar farashi za ta cinye su. Ka bar mafi yawansu suna juyawa a cikin tayar da ka sani, amma ban da jibge kaya, ka fi ni sanin lambobi huɗun nan na mako da shekara da ke jikin taya, da yadda mai saye ke dubawa. Ka ware kuɗin karatun yaro da na akwatin sifanu masu kyau, nasa na kansa. Sannan ka je wurin mai alaimen ɗin da kake tura wa mutane kyauta shekara da shekaru, ku zauna ku yi magana: ya riƙa ba ka wani kaso a kan kowace motar da ta zo daga shagonka, ya kuma karɓi yaron a lokacin hutu. Ku rubuta, ku sa shaidu. Shi ma ɗanka, in lokacin buɗe wuri ya zo, ku yi a rubuce, jarinka da aikinsa da yadda za a raba riba, don zumunci ya zauna lafiya.

Daga gobe ka sayi littafi ɗan ƙarami ka ajiye a kan teburin shago. Duk motar da ka tura, a rubuta ranar, da irin motar, da abin da aka yi mata, da nawa aka biya, da ko mai ita ya dawo da ƙorafi. In ka cika wata shida, ka aiko mini da abin da ke ciki, mu sake zama a kan lissafin da lambobinka na gaskiya.