Tambaya da Amsa: Mai Keke Ya Fuskanci Mota Ko Ya Ba Ta Baya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye da ke gefen titin Kano zuwa Wudil. Bana bayan kaka na saya wa ɗana mai shekara 14 keke na hannu, saboda makarantarsu da nisa, kuma dole sai ya hau kwalta wajen kilomita 3. Mahaifina ya ce masa ya riƙa bin hannun da zai fuskanci motoci, don ya ga abin da ke tahowa ya kauce. Malaminsu kuma ya ce ya bi dama, motoci na bayansa. Yaro ya rasa ta wa zai ɗauka, ni kuma ba na son ƙaryata tsoho. Wanne ne daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya raya mana shi, ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Malamin makaranta ne ke da gaskiya, amma kada ka je ka faɗa wa tsoho haka gatsau, domin maganarsa ba daga sama ta faɗo ba. Abin da ya faɗa ƙa'idar mai tafiya a ƙasa ce: inda babu wurin da aka ware wa 'yan ƙafa, mutum ya fuskanci motoci, in ya ga ta yo kansa taku ɗaya ya isa ya faɗa ciyawa. Shi kuwa keke abin hawa ne, a titi hukuncinsa ɗaya da babur da mota, hannun dama zai bi. Kuma ka tuna har watan Afrilu na 1972 hagu ake bi a Najeriya, sannan aka koma dama. Idan Baba ya koyi keke kafin nan, to hagun da yake nuna wa jikansa ita ce hannun gaskiya a zamaninsa. Ta wannan ƙofar za ka shigo masa.

Ni da nake maka wannan bayani, da gwiwata na biya kuɗin karatun. Ina saurayi, wata Juma'a cikin hunturu, na tashi daga kasuwar Wudil bayan la'asar sakaliya, na ɗaure rabin buhun gero a kariyar Phoenix ɗin mahaifinmu da igiyar roba. Garinmu yana ɓangaren hagu, sai na ce me zai sa in tsallaka titi sau biyu, bari in bi gefen nan kawai, ai ina ganin kowa. Hazo ya sauko, magariba ta kawo jiki. Duk motar da ta taho sai ta dalle min ido da fitila, in yi ta laluben bakin kwalta. Ba mota ce ta buge ni ba ma. Wani mai babur ne ya fito daga wata hanyar burji zai hau titi, ya juya kansa hagu yana duban motocin da ke zuwa, ya ga sarari, ya murɗa. Ni kuma ga ni ta damansa. Tayar gaba ta lanƙwashe kamar faifan da aka taka, buhu ya fashe, gero ya watsu a kwalta, yara suka zo suna tayani tarawa da hannu har da tsakuwa. Da mutumin ya tashi yana kaɗe riga, abin da ya fara cewa shi ne, "Haba malam, wa yake zuwa ta nan?" Na so in yi faɗa, amma na rasa bakin magana. Tabon yana nan har yau, in sanyi ya shigo yakan tuna min.

Wannan tambaya tasa ita ce kan zancen. Direba yana duba inda ya saba ganin abin hawa ne. Mai fitowa daga lungu, mai fita daga gidan mai, mai tayar da mota bayan ya sauke fasinja, duk idonsu na wajen da motoci ke tahowa. Yaron da ya biyo kishiyar hanya ya ɓullo musu ta inda ba sa tsammani.

Sai kuma lissafin gudu. A ce mota tana kilomita 80 a awa, ɗanka yana 15. In hanyarsu ɗaya, da gudun 65 take cim masa, direba na da ɗan lokacin da zai rage ko ya raɓe shi. In sun fuskanci juna kuwa an haɗa gudun biyu, ya zama 95, ga lokacin birki ya ragu, ga bugun ya fi muni. Mota mai gudun 80 tana cin fiye da mita 20 kafin ka ƙirga ɗaya. Ganin da Baba ke so yaron ya yi, zai gani ɗin, amma keke mai kaya ba ya tsalle gefe kamar mutum, musamman inda bakin kwalta ya zaizaye ya zama gaɓa, ko inda yashi ya taru. Tayar keke na shiga yashi sai ta murɗe.

Na san abin da ke jan mutane. Tun da aka mayar da titin tagwaye, mai son tsallakawa sai ya yi tafiya kafin ya sami wurin juyawa, don haka har masu babur da A Daidaita Sahu suke bin hannun da ba nasu ba. Ɗanka zai ga manya na yi, zai ce shi ma. Ka gaya masa in zai tsallaka ya sauka, ya duba, ya tura keken da hannu. Ba ragwanta ba ce. Ni yanzu ko a gadar Wudil ranar kasuwa, in shanu da motocin dabbobi suka cushe, sauka nake.

Tunda ya ba motoci baya, to dole su su gan shi. Ka duba bayan keken: yawancin na hannu an cire musu jan gilashin nan mai ƙyalli, ko laka ta rufe shi. Masu kayan babur na sayar da tef mai ja da fari irin wanda ake liƙa wa bayan tirela, ka liƙa masa a madigadi da kariya. Gaba kuma farar fitila, ko da tocilar caji ce a ɗaure da yankin tsohon tub. In zai kai magariba, farar riga ta fi baƙa. Ka matsa birkin da kanka, gaba da baya, domin na ga yara da yawa da silifas suke tsayar da keke. Abin sauraron waƙa a kunne kuma ka hana shi sam, kunnensa shi ne idonsa na ƙeya.

Tirela da tifa su ne abin tsoro na gaske. In suka wuce da gudu iskarsu na jijjiga keke, don haka ya riƙe kan da hannu biyu. Kada ya kuskura ya shiga tsakanin babbar mota da bakin titi in za ta sha kwana, tayoyinta na baya suna yanko ciki fiye da na gaba. In ba ya hango madubin direba, direban ma ba ya ganinsa. Kama bayan tifa don ta ja shi a hawa kuwa, wannan ka ce masa ranar da ka ji labari ranar za a jingine keken a zaure. Ka kuma sa masa lambar 122 a ka, ta hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ce, FRSC. Allah ya sa kada ya buƙace ta.

Tambaya: Malam, ina yi maka fatan alheri. Daga wani ƙauye nake a ƙasar Ringim. A cikin yarana, yayan ne ke goya ƙanwarsa a keke zuwa Islamiyya, ba kwalta suke bi ba, hanyar gona ce. Rannan hijabinta ya naɗe a taya har ya shaƙe ta, Allah ya kiyaye. Ga shanu da amalanke a hanyar. In hana su ne?

Amsa: Subhanallahi, Allah ya ƙara tsarewa, 'yar'uwa. Ba sai kin hana ba, amma kafin su fita ki tattare mata hijabin da zanin, ta zauna a kansu, kada komai ya yi lilo kusa da taya. Ki sa mai gyaran keke ya ɗaura mata wurin ɗora ƙafa, ya kuma rufe saman tayar baya ta gefe biyu, ko da da yankakkiyar jarka ce. Wayoyin taya ba tufa kaɗai suke ci ba, har diddigen yara suna yanka, kuma ciwon yana daɗewa bai warke ba.

Shanu kuwa, a siririyar hanya mai keke ne zai ba da wuri. Amalanke ba ta da birki, sa kuma bai san ƙararrawa ba, ƙarar ma tana iya firgita shi ya yi kan shuka ko kan yaran. Ya sauka tun daga nesa, ya sauke ƙanwarsa, su tsaya a kan kunya da keken tsakaninsu da garken, ya yi wa makiyayin sallama, su jira har ɗan maraƙin ƙarshe ya wuce, domin uwarsa tana waiwayensa.