Tambaya da Amsa: Me ya sa girgizar ƙasa take rusa birnin da ke nesa da inda ta taso?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na ji an ce girgizar ƙasar da ta afka wa birnin Meziko a 1985 daga nesa ta taso, amma ɓarnar da ta yi masa ta zarce ta wasu garuruwan da suka fi shi kusa. Ashe ba kusanci ne ke sa ɓarna ta yi yawa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kusanci yana da tasiri, amma sau da yawa irin ƙasar da gari yake zaune a kanta takan rinjaye shi. Girgizar ranar 19 ga Satumba, 1985 ta taso ne daga gaɓar tekun Fasifik, kimanin kilomita 350 daga birnin, sai dai an gina tsakiyar birnin ne a kan tsohon tafkin Texcoco, wanda aka janye ruwansa ya bar laka mai laushi jiƙe da ruwa.

Motsin girgiza yana gudu da sauri a cikin dutse mai tauri, amma da zarar ya shiga kwarin da laka da yashi suka cike, sai gudunsa ya ragu, kuma da yake ƙarfin da ya ɗauko bai tafi ko'ina ba, sai ya tattaru a wuri guda, ƙasa ta riƙa kai-komo fiye da yadda take yi a kan dutse. Haka kuma dutsen da ke ƙarƙashin kwarin da gefunansa yana mayar da motsin ciki, sai girgizar ta daɗe, tamkar ruwan cikin kwano da yake ci gaba da tangaɗi bayan an ajiye kwanon.

Babban abin da ya jawo asarar rayuka a Meziko shi ne, lakar tana kai-komo sau ɗaya a cikin kusan daƙiƙa 2, wanda ya zo daidai da yadda benaye masu hawa 6 zuwa 15 suke lilo, don haka kowane motsin ƙasa ya riƙa ƙara musu tangaɗi har suka rufta. Abin mamaki, dogon benen Torre Latinoamericana mai hawa 44 ya tsira, haka ma ƙananan gidaje da yawa. A Kobe ta ƙasar Japan kuwa, a 1995, ɓarnar ta fi tsanani a wani siririn yanki da ke bin gefen irin wannan kwari mai laka da yashi da birnin yake zaune a kai.

Saboda haka ne dokokin gini suke rarraba ƙasa gwargwadon saurin motsin girgiza a mita 30 na samanta. A ganina wannan awo bai wadatar ba a wuri irin birnin Los Angeles na ƙasar Amurka, inda zurfin kwarin ya kai kilomitoci da dama, domin dogayen benaye a can suna amsa motsin da tarin ƙasar mai zurfi yake haɓakawa, wanda awon saman ƙasa ba ya nuna shi.